RA'AYINMU: Takardar magani ta hana cuku, ta manta da daddawa

Makonni kaɗan da suka wuce, wani matashi daga yankin Yekuwa ya tare mu a ƙofar gidan rediyo bayan mun sauka daga shirin kiwon lafiya, riƙe da ƴar doguwar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa cikin kwalin magani. Mahaifiyarsa, mai sayar da kayan miya, ta shafe watanni ba barci, ba cin abincin kirki, ba ta son magana da kowa tun rasuwar yayansa. Wani ɗan'uwansu da ke zaune a ƙasar waje ya ji labari, ya aiko mata da maganin damuwa. Yaron ya yi lakwal, don haka ya zauna ya karanta mata abin da takardar ta ce da Faransanci: mai shan wannan magani ya guji tsohon cuku, da giya, da naman da aka tsuma aka ajiye, da kabejin da aka jiƙa ya yi tsami. Ya ce mana: "Wallahi da na gama karantawa sai Inna ta yi dariya, karo na farko cikin wata uku. Ta ce to ai wannan bai shafe mu ba, mu ina muka ga cukun Turawa?"

Muka tambaye shi da me ake miya a gidansu. Ya ce da daddawa mana, dare da rana. Muka ce ya ɗauki kwalin da takardar ya kai wa likita kafin Inna ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya, domin kuskuren farko ma shi ne a aiko wa mutum irin wannan magani alhali babu likitan da ya duba shi. Sai dai abin da ya tsaya mana a rai shi ne dariyar nan ta Inna. Ba ta yi laifi ba. An rubuta takardar ne don madafar Faransa, babu wanda ya zauna ya mayar da ita zuwa tukunyar Damagaram. A namu ra'ayin, wannan giɓi ne da zai iya cin rai, kuma cike shi ba ya buƙatar kuɗi, magana kawai yake buƙata.

Bari mu faro daga tushe, domin mai karatu ya san ba tsoratarwa muke yi ba. A shekarar 1952, a wani asibitin masu tarin fuka da ke birnin New York na Amurka, likitoci sun gwada wani sabon magani mai suna ifuroniyazid. Sai suka lura marasa lafiyar da ke kwance cikin ƙunci sun warware, suna ci, suna raha. Daga nan aka gane cewa maganin yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma zuwa 1957 an fara ba da shi ga masu ciwon tsananin damuwa. Shi ne kakan wani dangin magunguna da takardun Faransanci ke rubutawa da haruffa huɗu, IMAO, takardun da ke zuwa daga Najeriya kuma su rubuta MAOI. Waɗannan haruffa huɗu ya kamata kowane gida ya sa ɗan makarantarsa ya riƙa dubawa.

Ba a daɗe ba aka fara ganin abin mamaki a Ingila. Masu shan wani ɗan wannan dangi mai suna Parnate sukan kamu da matsanancin ciwon kai farat ɗaya, jini ya hau, wasu jijiya ta fashe musu a ka. Wani mai harhaɗa magunguna ne ya rubuta wa wani matashin likita mai suna Barry Blackwell, na asibitin Maudsley da ke Landan, cewa ya lura matarsa na shiga wannan hali ne duk lokacin da ta ci cuku. Da farko abin ya zama na dariya a wurin likitoci. Blackwell da abokin aikinsa har sun sha maganin da kansu na mako guda, suka ci cuku, ba abin da ya same su. Amma da aka ci gaba da sa ido a kan marasa lafiya sai gaskiya ta fito, ya buga bayaninsa a 1963, kuma a 1964 hukumomin Amurka suka janye maganin daga kasuwa na ɗan lokaci, kafin su mayar da shi tare da gargaɗi mai ƙarfi game da abinci. Mun kawo zancen gwajin da bai nuna komai ba ne da gangan, saboda mun san halinmu. Gobe wata za ta ce, "Ai ni na sha, na ci tuwo da miyar daddawa, ban ga komai ba." Likitan da ya gano matsalar ma ya ci bai ga komai ba. Wani cukun ya fi wani, wani jikin ya fi wani, wata ranar ta fi wata.

Me ke faruwa a cikin jiki? Mu mutanen kan iyaka ba za mu sha wahalar ganewa ba. Akwai wani sinadari mai suna tiramin, wanda ke samuwa a duk abinci mai gina jiki idan aka bar shi ya tsumu, ko ya daɗe a ajiye, ko ya fara lalacewa. Kullum muna cin sa, ba ya yi mana komai, domin Allah ya ajiye masa ma'aikacin duwan a cikin hanji da hanta, wanda ke tare shi ya wargaza shi kafin ya shiga jini. Mai lafiya zai iya cin miligiram ɗaruruwa na tiramin a zama ɗaya ya tashi lafiya lau. To shi maganin IMAO aikinsa shi ne ya ɗaure hannun wannan ma'aikaci a cikin ƙwaƙwalwa, don sinadaran da ke kawo walwala su daɗe suna aiki. Matsalar ita ce ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ɗaure shi ba, har da na hanji da hanta. Sai iyaka ta zama a buɗe, tiramin ya kwararo cikin jini, ya sa jijiyoyi su tsuke, zuciya ta riƙa bugu da ƙarfi. Ga mai shan tsofaffin magungunan wannan dangi, miligiram 6 kacal na iya fara ɗaga jini, daga 10 zuwa 25 kuma na iya kai mutum ga halin rai kwakwai mutu kwakwai.

Abin ba ya jira sai gobe. Tsakanin ƴan mintoci zuwa awa 2 bayan cin abincin, sai ciwon kai mai sara ya taso, yawanci daga ƙeya, da bugun zuciya, da gumi, da tashin zuciya, wuya ya sandare. Tansiyon da ma'aikacin lafiya a nan gida zai ce 12/8, wanda a Kano za su rubuta 120/80, sai ya haura 18/12. A irin wannan hali ba jiƙe-jiƙe, ba hayaƙi, ba jiran mai gida ya dawo daga kasuwa. A nemi mashin ko amalanke a nufi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin maganin a hannu. Sau nawa muka ji an ce wance ta ci abinci ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye, aka ce iska ce ko jifa, ba wanda ya tambayi wace ƙwaya take sha?

Yanzu mu dawo kan tukunyarmu. Duk macen da ta taɓa yin daddawa ta san sirrinta yana cikin rufewar nan. A dafa kalwa, a surfe, a wanke, a rufe ta kwana 2 ko 3 har ta yi wari ta yi danƙo, sannan a kirɓa a shanya. Haka daddawar batso da ake yi da gurguzun yakuwa, haka ta waken suya da ta yawaita a kasuwanninmu. Wannan rufewa ita ce tsumuwar da muke magana, kuma a irinta ne tiramin ke taruwa. Tsumammen waken suya na ƙasashen Sin da Japan da Koriya ya daɗe a cikin jerin abin da ake hana masu shan IMAO, kuma hanyar yin sa ƴar'uwar hanyar daddawarmu ce. Sai dai shi ya samu shiga takarda, tamu ba ta samu ba. Haka nan naman da aka shanya ya yi watanni a ajiye, da bandar kifin da ta daɗe a buhu har ta fara canza wari, da hantar da ta kwana ba sanyi, da burkutu ga masu shan ta. Abin lura a nan, wanda mata da yawa za su yi mamakinsa, shi ne dafuwa ba ta kashe tiramin. Ko miyar ta wuni a kan wuta yana nan. Sanyi ne kaɗai ke rage saurin taruwarsa, mu kuwa ga zafin bazara, ga ƙarancin wuta da firji.

Kada ƴan'uwanmu masu sayar da daddawa da kifi su ce mun zo kashe musu kasuwa. Ko kusa. Daddawa abinci ce mai gina jiki, ta ciyar da kakanninmu, kuma ga wanda ba ya shan waɗannan magunguna babu abin da tiramin ɗinta zai yi masa. Ko ga mai shan su, nama sabon yanka, da sabon kifi, da madara, da kindirmon yau, da awarar da aka soya da safe, da gero da wake da ganye, duk ba sa cikin abin tsoro. Ƴar daddawar da aka jefa a tukunyar mutum goma ma ba ɗaya take da wadda aka daka a yaji aka barbaɗa da yawa a kwano ɗaya ba. Amma wannan awo aikin likita ne, ba na mai rediyo ba, ba na maƙwabciya ba. Kuma hanin ba ya ƙarewa ranar da aka daina shan maganin, sai an ƙara mako 2, domin sai jiki ya sake samar da sabbin ma'aikatan duwan ɗin nan.

Gaskiya ɗaya da ya wajaba mu faɗa ita ce, tsofaffin magungunan IMAO ba su ne aka fi bayarwa a asibitocinmu ba. Sukan shigo ne jefi-jefi, irin ta hanyar da na Inna ya shigo, a jakar matafiyi. Amma suna da dangi da ke nan tare da mu ba mu sani ba. Mun ce kakansu maganin tarin fuka ne. To ɗan'uwansa, izoniyazid, yana cikin ƙwayoyin da yawancin masu tarin fuka ke sha tsawon wata 6, daga Magarya har Dungas. Ba maganin damuwa ba ne, ƙarfinsa a kan ma'aikacin duwan ɗin kaɗan ne, amma an sha samun masu shan sa da fuska ta yi musu zafi, kai ya sara, zuciya ta buga, bayan sun ci tsohon cuku ko kifin teku da bai samu sanyi yadda ya kamata ba. Akwai kuma linezolid, wanda ya shiga jerin magungunan tarin fuka mai taurin kai, shi ma takardarsa na gargaɗi kan abinci mai tiramin. Muna roƙo da babbar murya, kada wani ya ji wannan ya ajiye maganin tarinsa. Barin maganin tarin fuka a tsakiya ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Abin da muke cewa shi ne, in ka ga alama bayan cin abinci, ka faɗa wa mai ba ka maganin, ka faɗa masa abin da ka ci da sunansa na Hausa.

Magungunan damuwar da aka fi samu a yankinmu biyu ne, dukkansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya: amitiriftilin, wanda mutane suka fi sani da Laroxyl, da fuluwoksetin, wato Prozac. Waɗannan ba ruwansu da daddawa, mai shan su ya ci miyarsa hankali kwance. Sai dai amitiriftilin yana da nasa halin, kuma akasin na farko ne. Shi sauke jini yake yi idan mutum ya miƙe tsaye da sauri. Wata mai sauraronmu da ke tuyar ƙosai ta taɓa bugo mana waya, ta ce wani mai tallan magani a tire ya ba ta ƴan ƙananan ƙwayoyi don rashin barci. Barci kam ta samu. Amma da safe, tana zaune a kan kujera ƴar tsugunno gaban kasko, ta yunƙura za ta ba da canji sai duhu ya rufe mata ido, Allah ya kiyaye ta faɗi gefe, ba cikin mai ba. Da aka kai sauran ƙwayoyin asibiti aka ce mata amitiriftilin ne. Ku duba yanayin aikin iyayenmu mata: zama gaban wuta, rana a ka, gumi na zuba, ruwan sha sai an tuna, wata ma ko karin kumallo ba ta yi ba, ko tana azumi. Duk waɗannan suna ƙara wa maganin ƙarfin sauke jini. In an haɗa da ƙwayar hawan jini, ko zoɓon da wasu ke sha kofi-kofi don ya sauke musu tansiyo, abin ya ƙaru. Maganin wannan mai sauƙi ne in an sani: a sha ruwa, a tashi a hankali, a ɗan zauna bakin gado kafin a miƙe, a gaya wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya. Kuma a ɓoye ƙwayar nesa da yara, domin kaɗan daga cikinta na iya tsayar da zuciyar ƙaramin yaro.

Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne taramol. Babu ɗan kasuwar da bai san yadda wannan ƙwaya ta shiga cikin ƴan dako da ƴan kabu-kabu da masu aikin gona ba, har da wasu mata masu wuni a tsaye. Taramol da yawancin magungunan damuwa suna taɓa sinadari ɗaya a ƙwaƙwalwa. Idan suka haɗu sai ka ga rawar jiki, zazzaɓi, gumi, ruɗewa, tansiyo ya riƙa hawa da sauka, wani lokaci har farfaɗiya. A gida za a ce masassarar cizon sauro ce, ko aljanu. Da IMAO kuwa haɗuwar na iya kisa. A 1984 wata budurwa ƴar shekara 18 mai suna Libby Zion ta rasu a wani babban asibitin New York, tana shan maganin damuwa na dangin IMAO aka yi mata allurar kashe ciwo da ba ta jituwa da shi, kuma shari'ar mutuwarta ta sa aka sake dokar awannin aikin ƙananan likitoci a can. Idan haka ta faru a inda ake rubuta komai a takarda, ina ga inda ake sayen ƙwaya da launi, "ba ni ja da fari guda biyu"? Haka nan magungunan mura masu buɗe hanci da wasu ruwan tari, waɗanda ake ɗauka ba komai ba ne, suna iya ɗaga jinin mai shan IMAO kamar yadda cuku ke yi.

Ba za mu tsaya dogon bayani kan gishiri da dunƙulen magi da kanwa ba, mun sha faɗa a shirye-shiryenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Goro da shayi mai kauri da Nescafé kuma suna hana barci, suna sa bugun zuciya, alhali rashin barcin ne ya kai mutum neman ƙwaya tun farko.

Wani zai ce, to tunda abin haka yake, ba gara a bar magungunan damuwar gaba ɗaya ba? A'a. Ciwon damuwa ciwo ne na gaske, kamar ciwon suga, ba raunin imani ba ne, ba shagwaɓa ba ce. Mun ga mata masu ƙwazo da suka rufe rumfa, jari ya narke, yara suka shiga wani hali, saboda uwa ta kasa tashi daga shimfiɗa. Magani a hannun wanda ya san shi yana mayar da irin waɗannan kasuwa. Sai dai yana ɗaukar mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kuma a wannan tsakanin ne masu gaggawa ke ninka ƙwaya, ko su ƙara wata a kai, ko su watsar. Ba a daina shi rana ɗaya, ba a canza wani da wani sai da tazarar da likita ya yanke. Wanda ya bar Prozac, alal misali, sai ya jira mako 5 kafin a ba shi IMAO.

Don haka muna kira ga hukumomin kiwon lafiya na jihar Damagaram, da na gundumomin Magarya da Dungas, da su zauna da masana su fitar da ƴar takarda ɗaya da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da sunayen abincinmu: daddawa, batso, kilishi, banda, zoɓo, goro, kanwa, a nuna wanne ya shafi wane magani. A liƙa ta a kowane asibiti da kowace farmasi, a ba gidajen rediyon karkara su karanta. Mu a namu ɓangaren a shirye muke mu ba da fili. Ma'aikatan lafiya kuma, mun san layi na da tsawo kuma hannu ya yi kaɗan, amma tambaya biyu ba za ta ci minti ɗaya ba: "Hajiya, me kike sha bayan wannan? Da me ake miya a gida?"

Ga masu tallan magani a tire da a bayan keke, da masu kemis na tsallaken iyaka da mutanenmu ke zuwa wurinsu ranar kasuwa, mun san neman abinci kuke, kuma da yawanku maƙwabtanmu ne. Amma wanda ya yanki ƙwaya biyu daga jikin kati ya miƙa wa mace, ya jefar da kwali da takarda, ya raba ta da abu ɗaya tak da zai ceci ranta in ta faɗi, wato sunan abin da ta sha. Maganin ƙwaƙwalwa ba kayan tire ba ne, kuma ya kamata shugabannin ƴan kasuwa su faɗi haka a taronsu tun kafin hukuma ta faɗa da nata salon.

Matashin nan na Yekuwa ya sake leƙo mu bayan kwana goma. Likita ya karɓe kwalin da aka aiko, ya duba Inna, ya auna tansiyonta, ya rubuta mata wani maganin daban wanda ba ya hana ta daddawa, ya ce ta sha da dare, ta riƙa tashi a hankali, ta dawo bayan mako 2 a sake aunawa. Ya ce ba ta koma rumfa ba tukuna, ƙanwarsa ce ke zama. Amma shekaranjiya ta tambayi nawa ake sayar da tiyar kalwa.